Ƙulli Biyu a Ƙafar Uwale

Da sunan Allah da ya saukar da cuta ya saukar da maganinta. Duk wanda ya san ni a Matameye ya san in na ce na ga giwa, sai a leƙa a duba ko akuyar maƙwabta ce ta ƙoshi. Ɗan Gishiri suke ce mini, don ba na iya ba da labari lami. Wannan kam lami zan ba da shi, ko kusa da lami, tunda hali zanen dutse ne. Na rubuta shi saboda masu goya yara a keke, da matan da ke tsayawa a ƙofar gida suna gyara wa yaran zama.

Keken nan a Kano na saye shi, da guminmu na cin rani, lokacin ina yawon sayar da tabarau da agogo. Baƙi ne, mai madubi biyu da ƙararrawar da in na kaɗa ta a tasha sai an ji a Kance. 'Ya'yana uku a lokacin: Laminu, Sabi'u, sai autarsu mai shekara shida. Sunan mahaifiyata marigayiya ta ci, bakina ba ya iya kiran sunan, sai muke ce mata Uwale. Ranar Juma'a da la'asar duka ukun nake kwasa mu zaga gari, maza biyu a gaba kan ƙarfe, ita a baya kan kariya. Yarinyar nan ita ce kasuwata. In na shara ƙarya 'yan'uwanta su ce Baba ya fara, ita kuwa ta yi ta dariya har ta shaƙe.

Akwai abin da kowa ke yi a nan, ni ma na taso na tarar ana yi. In za a goya ƙaramin yaro a kariya, sai a haɗe ƙafafunsa biyu a gaba, ƙarƙashin sirdi, a ɗaure su da ƙarfen keken da tsumma, don kada diddige ya faɗa cikin wayoyin taya. Ba wauta ba ce. Mun ga yaran da waya ta sale wa diddige har fari ya fito. Maiɗakina Barira tana da wani tsohon ɗankwali kore da ta keɓe don wannan aikin kaɗai, ko tsane hannu ba ta yarda a yi da shi.

Sai shekarar fari ta zo. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Soja na mulki a nan, soja na mulki a can ƙetare, aka rufe iyaka, ba cin rani, ba kayan Kano sai a ɓoye. Robar birkina ta cinye, babu sabuwa ko a mafarki, mai faci ya yanko mini wata daga tsohuwar tayar mota ya ce za ta kai ni Makka. A gida muka koma ci sau ɗaya. Surukata Iya Abu, uwar Barira, tana Tsauni, tana da ɗan lambu a kwari inda rogo da kabewa ba su mutu ba, ta aiko a kai mata Uwale ta riƙe har damina.

Da hantsi muka shirya. Barira ta ɗora ta, ta haɗe ƙafafun, ta ƙulla. Ta dubi tsawon hanya, ta dubi yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya, ta ƙara ƙulli na biyu.

Uwale ta ce, "Baba, ya matse."

Na ce, "Uwata, dubi yadda kika rame. In ba a matse ba shaho zai sure ki a hanya, ya je ya duba, ya dawo mini da ke ya ce ba nama, in biya shi kuɗin wahala."

Ta fashe da dariya. Barira ma ta murmusa ta ce Allah ya kiyaye hanya. Na kaɗa ƙararrawa muka fita.

Hanya cike take da shanun Fulani masu gangarawa kudu, shanun da za ka iya rataya hula a kowane ƙashinsu. Mun kusa Tsauni, a wata gangara mai faɗawa kwari, wata saniya ta fito daga gefe ta durƙushe a tsakiyar hanya, ƙafafunta sun ƙi ɗaukarta. Na matse birki. Robar ta yi ƙara kamar ana yanka akuya, keke ya ci gaba da harkarsa. Na karkata gefe, tayar gaba ta nutse a rairayi. Jikina ya yi abin da ya saba tun ina saurayi: na yi tsalle na dira kan ƙafafuna, ko ƙwarzane ban samu ba. Uwale ba ta da hanyar dira. Ta tafi tare da keken, ƙafarta ta hagu ta shiga tsakanin ƙarfe da wani kututture. Na ji ƙarar kamar an taka busasshen kara.

Da na isa gare ta ba ta fara kuka ba tukuna, ido kawai ta zuba mini. Ƙwaurin ya lanƙwashe, fata ta fashe, jini na bin ɗankwalin. Na kama ƙullin da yatsa, na kama da haƙori, faɗuwar ta ƙara ɗaure shi tamau. Bafillacen da ke da saniyar ne ya zo da gudu ya zaro wuƙa ya yanke tsumman. Ban tambayi sunansa ba. Allah ya mayar masa da abin da ya rasa a shekarar nan.

Na rungume ta na ƙarasa Tsauni a ƙafa, wani yaro ya turo keken. Kafin a shimfiɗa tabarma gidan Iya Abu ya cika da masu shawara. Na ce a kai ta gidan likita. Iya Abu ta ce, "Wane likita? Waɗanda in ka kai musu ƙaya sai su yanke ƙafa? Karaya ta mai ɗori ce tun kaka da kakanni." Aka aika wajen Icirnawa aka ɗauko wani dattijo. Ba zan zage shi ba. Na san mutane da yawa da ke tafiya yau da ƙafar da ya ɗora, har da wana. Amma karayar da fata ta fashe ba tasa ba ce, shi bai faɗa ba, mu ba mu sani ba. Ya yi tofi, ya shafa man shanu, aka danne yarinyar ya ja ƙafar. Ya cika ciwon da garin magani, ya jera karare, ya naɗe da tsumma ya ja da ƙarfinsa. Ya ce kada wanda ya taɓa ɗaurin sai ya dawo da kansa.

Makon farko kuka ne. Barira ta bar maza wajen wana ta taho. Uwale ba ta da magana sai ɗaya: ya matse, ya matse. Kowa ya ce ai ɗori in bai yi zafi ba bai kama ba. Wannan ta ce a ba ta romon kaza, waccan ta ce nono da gero, wani ya ce a shafa mata kitsen damo a goshi. Kajin Tsauni a shekarar nan, in ka yanka ɗaya ka fige, abin da ya rage ba ya cika cokali. Duk da haka na sayar da akuyarmu, na sallami mai ɗori, na sayi kaji, na karɓo rubutu wajen wani malami. Rubutun ta sha. Romon ta kurɓa ta kau da kai.

A mako na biyu ta daina kuka. Mata suka ce alhamdu lillahi, ɗori ya kama. Ni kuwa ina da ma'aunin da ya fi na likita. Na zauna kusa da ita na ba ta labarin kurar da na kayar a bayan ganuwar Kano har ta roƙe ni gafara da Larabci, labarin da ko sau nawa ta ji sai ta riƙe ciki. Ta dube ni kamar ana karanta mata sanarwar haraji. Jikinta zafi kamar kaskon tuya. Ƙudaje suka bar kwanon abinci suka koma kan tsumman.

Wata safiya Barira ta kira ni. "Malam, zo ka sansana."

Na sunkuya. Na ce, "Maganin ne, ai kin san garin nan da wari."

"Na haifi uku, na yi jinyar ubana. Na san warin magani. Taɓa yatsun."

Na taɓa. Jiki na ci da wuta, yatsun sanyi kamar randa, ƙananan biyun sun yi baƙi. Iya Abu ta shigo ta ce a jira dattijon, gobe kasuwa zai biyo. Barira ba ta taɓa musa wa uwarta a gabana ba. Ran nan ta miƙe tana ɗaura zane ta ce, "Iya, ki yafe mini. Ni na ƙulla na farko, ba zan zauna ina kallon na biyu ba." Na ce bari in jawo keke. Ta ce, "Ba za ta hau abin nan ba." Muka ari amalanke da wani jaki wanda tsakani da Allah ni na fi shi jan kayan, shi rakiya ya yi mana har Matameye.

A gidan likita, babban ma'aikacin jinya, wanda muke ce wa majo, ya sa almakashi ya yanke tsumman. Abin da ke ƙarƙashi ba zan rubuta shi ba, wataƙila mai karatu yana cin abinci. Majo ya jawo ruwa da auduga. Ya wanke, ya yi mata allura, ya tambaye ni tun yaushe aka ɗaure. Na faɗa masa. Ya ce, "Ɗan Gishiri, da ka zo ranar da abin ya faru, da yanzu kana nan kana cika mu da surutu." Ya rubuta takarda ya ce Damagaram, yau ba gobe ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Muka samu wuri a bayan wani kamiyo, babbar motar kaya, da ya sauke dawar taimako zai koma. A shingen hanya jandarma ya hau yana neman takardun kowa, nawa kuwa suna cikin aljihun rigar da na bari a Tsauni. A zamanin nan wannan kaɗai ya isa mutum ya kwana a tsare. Na fara haɗa masa labari, ya ɗaga mini hannu. Ya ɗaga zanen da aka rufe ƙafar ya duba, ya mayar a hankali. Ya sauka ya ce wa direba ya wuce, kada ya tsaya ɗaukar kowa. Na sha yi wa masu kaki ba'a a bayan idonsu. Wannan ɗaya na cire shi daga ciki.

Asibitin birni a shekarar nan gari ne guda. Mutanen arewa da fari ya koro sun cika ƙarƙashin kowace bishiyar bedi, yara masu ƙyanda, yara masu gudawa, tsofaffin da ba cutar da ke damunsu sai yunwa. Layin ganin likita, in ka shiga da gemu baƙi ka fito da furfura. Takardar majo ce ta taimake mu, aka shigar da mu kafin la'asar. Likitan saurayi ne siriri, idonsa ja don rashin barci. Da Faransanci yake magana, wata ma'aikaciya na juya mana. Kalma ɗaya ta maƙale mini har yau: gangiren. Wai naman ne ke mutuwa, mutuwar kuma tafiya take tana hawa sama. Ya ce yatsu biyun nan sun riga sun tafi, za a cire su. Sannan ya zaro alƙalami daga aljihu ya zana layi ya zagaye ƙafar, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Ma'aikaciyar ta ce, "Ya ce in baƙin ya tsaya ƙasa da layin nan, ƙafa taku ce. In ya haye, zai yanke, don ya tsirar da ran."

Daga ranar duniyata ta koma layin nan. Da asuba kafin in yi alwala sai na ɗaga zane na duba. Baƙin yana hawa kaɗan kaɗan, kamar ruwa a bangon rijiya. Maganin da ake buƙata babu shi a asibiti, sai a rubuta maka odonas, takardar sayen magani, ka nufi farmasi, ka dawo a sake rubuta wata. Rediyona ta tafi a odonas ta farko. Tasoshin auren Barira suka bi. Muna kwana a ƙarƙashin bedi, muna cin abin da ya samu. Wata tsohuwa Babarbariya da ke jinyar jikanta a gado na kusa takan dama kunu ta raba biyu ta miƙo wa Uwale, ba ta jin Hausa sosai, mu ba ma jin yarenta. Jikan nata bai tashi ba. Ranar da za ta tafi ta bar mana ƙwaryar da ludayin.

Da magani ya sake ƙarewa na koma na ɗauko keken daga Tsauni na sa shi a kasuwa. Mai saye ya zagaya shi, ya kaɗa ƙararrawa, ya nuna ƙarƙashin sirdi ya ce in cire masa wannan tsumman. Guntun ɗankwalin ne, da ƙullinsa biyu, jinin ya bushe ya yi baƙi. Na sa yatsa. Ran nan ya kwance ba gardama.

Wankin ciwo kowace safiya shi ne abin da ba na son tunawa. Ana kankare mataccen nama har a tarar da mai rai, kuma mai ran shi ke da zafi. Ranar farko aka ce in danne ta, wani ya kawo bandeji zai ɗaure ɗaya ƙafar da gado don kada ta yi shuri. Uwale ta kama rigata ta ce, "Baba, kar a ɗaure ni. Zan tsaya da kaina." Na roƙe su suka bari. Ta cusa bakin zanen uwarta a baki, ta tsaya. Yarinya mai shekara shida. Ni da na kayar da kurar Kano bango nake kallo, ina ba ta labarai da murya kamar ta ɗan akuya, ba mai saurare.

Zufa ta fara goge layin da likita ya zana. Barira ta ciro kwallinta tana bin sawun alƙalamin a hankali don kada ya ɓace. Na matso na ce mata a kunne, "Ki ɗan ɗaga shi sama mana, ko da faɗin yatsa. Wa zai sani?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Likita za ka yi wa wayo, ko Allah?"

Na koma na zauna.

Wajen mako na uku a asibitin, baƙin ya zo saura faɗin yatsa biyu ya taɓa kwallin. Washegari yana nan. Jibi yana nan. Ban gaya wa kowa ba, tsoro nake kada bakina ya tashe shi. Zazzaɓin ya fara sauka, ta nemi kunu da kanta. Wata safiya likitan ya zo zagaye, ya danna nan ya danna can, ya sa ta motsa yatsu ukun da suka rage. Ya karɓi auduga ya jiƙa, ya goge layin gaba ɗaya, da na alƙalami da na kwalli. Bai jira a juya mana ba, ya ce da Hausarsa ta koyo, "Ƙafa ya zauna."

Na yi baya zan zauna a kan kujerar da babu ita, na faɗa cikin daron ruwan wanki, ƙafafu sama, hula a ƙarƙashin gado. Sai na ji wata 'yar ƙara daga kan gadon, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Uwale ce ke dariya. Na zauna cikin ruwan nan ban tashi ba, don kada ta daina.

Aka sa mata farin ɗauri mai tauri kamar siminti, da taga a wajen ciwon, muka dawo gida kafin damina. Ƙashin ya haɗe, amma ya haɗe a gajarce. Da ta fara takawa sai muka ga tana tangaɗi kamar kwalekwale. Baduku ya ƙara wa takalminta na hagu tsayi da robar taya, irin wadda mai faci ya yi mini birki da ita. A nan robar ta yi amfani.

To ga abin da na saya da tsada, ku karɓa kyauta. Kada ku ɗaure yaro da keke, ko da zaren lilo ne. Babba in keke zai faɗi yana dira, yaro ma a bar masa hanyar dira. Ku je wajen maƙeri ya ƙera muku mataki biyu a gindin tayar baya inda yaro zai ɗora ƙafa, aikin da bai kai kuɗin kaza ba. Wayoyin da kuke tsoro, ku rufe su da fata ko kwali mai kauri ta gefe biyu, ku sa wa yaro takalmi mai rufe diddige. Birkin da ba na ainihi ba, ku gwada shi a gangara ku kaɗai kafin ku ɗora ɗan kowa. In kun ga rairayi ku sauka ku tura, ba wanda ya taɓa mutuwa don an gan shi yana tura keke. Karayar da ta yi jini ta likita ce tun ranar farko. Kowane irin ɗauri, in yatsu suka yi sanyi, a kwance, ko wa ya ɗaura. Kuma yaro mai ciwo in ya daina kuka ba tare da ya fara wasa ba, ba sauƙi ba ne.

Ni yanzu a Matameye an san ni da tare mutane a hanya. In na hango ƙafar yaro a ɗaure sai na sha gaban keken, ko na Alhaji ne. Wasu su yi godiya, wasu su ce Ɗan Gishiri ya fara taɓuwa. Barira kuwa har yau ba ta sake ɗaura koren ɗankwali ba, ko a biki aka yi anko da shi sai ta ce kanta na ciwo.

Uwale ta girma, ta yi aure a Ɗan Barto, tana da 'ya'ya biyu, tana tafiyarta da tangaɗinta ba ta jiran kowa. Mijinta mutumin kirki ne, amma takalmin hagu na ce ba nasa ba ne. Duk sallah ita ke kawo mini sabon takalmi, ni ke kai wa baduku. Sallar da ta wuce ta zo da shi a leda, muna zaune a zaure, na ce mata tayar da na liƙa mata a ƙafa tun daga shekarar nan, da mota aka sa wa da ta je Agadas ta dawo sau bakwai. Ta yi dariya, irin tata, har ta shaƙe. Da ta lafa sai ta ce, "Baba, ka tuna abin da ka ce mini ranar nan, da na ce ya matse?"

Na ce na manta. Ƙarya nake.

Ta ce, "Shaho. Wai zai dawo da ni ya ce ba nama." Ta sake dariya tana share ido. "Wallahi ya ba ni dariya ran nan."

Na juya takalmin a hannuna ina duba ɗinkin. Na sa mutane dariya a tasha, a kasuwa, har a gidan makoki an taɓa korata don na sa masu zaman ta'aziyya sun ƙyalƙyale. Duk ban yi nadamar ko ɗaya ba sai wannan. Yarinya ta gaya mini gaskiya da bakinta, ni kuma na iya magana, sai ta yi dariya ta bar zancen.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu jinya. In ɗanka ya ce ya matse, ka sauka ka duba.